Shin Daura Za Ta Zama Garin Makarantu?



Da yawanmu mun shigo Daura da jaka ɗaya da takardar shiga makaranta, kuma haka za mu fita da takardar difloma ba tare da mun tambayi kanmu wane irin gari ne muka yi shekara biyu a cikinsa ba. Mun san hanyar aji, mun san teburin mai shayi, mun san inda ake shiga motar Kano da ta Katsina. Abin da ya wuce nan sai dai labarin Bayajidda da aka ba mu tun muna firamare. Da yake ina zangon ƙarshe na ND II, na ga ya dace in bar wa mujallarmu wannan ɗan nazari a kan ƙasar Daura, da tarihinta, da abin da mutanenta suke rayuwa da shi. Tambayar da nake so mu duba ita ce: manyan makarantun da suka taru a garin nan cikin 'yan shekarun nan, za su iya riƙe tattalin arzikinsa kamar yadda jami'a take riƙe da wasu ƙananan garuruwa a Amurka? Amsar ta shafi mai gidan hayar da muke ciki, ta shafi mai awarar bakin get, ta kuma shafi darajar takardar da za mu fita da ita.

Inda garin yake

Daura tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Daga nan zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 80 ne ta yamma. Zuwa Kano kuwa ya haura kilomita 100 ta kudu, a bi ta Kazaure da Ɗambatta. Wanda ya miƙi hanyar arewa zai isa Kwangwalam, inda shingen iyaka yake, daga can sai Matamaye, sai Damagaram. Wato Daura ta kusa zama tsakiyar tafiya tsakanin Kano da Damagaram. Ku riƙe wannan, domin rabin tarihin garin a nan yake.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Daura kaɗai tana da mutum sama da dubu ɗari biyu.

Ta fuskar yanayi, muna bakin Sahel ne. Damina gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk rani ne. Hunturu yakan zo da hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan bazara ta biyo baya da zafin da yake haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Duk wanda ya rubuta jarrabawa a wannan lokaci ba sai an ba shi labari ba. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwa ba ya daɗewa a samanta. Shi ya sa abin da ya fi karɓar ta shi ne gero, da wake, da gyaɗa, da riɗi, da dawa. Babu wani babban kogi da yake gudu duk shekara, don haka rayuwa ta dogara ne ga rijiya, da tafki, da burtsatse, da madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke. Hamada kuma tana matsowa, abin da ya sa Katsina take cikin jihohi 11 na Arewa da ake gudanar da shirin nan na kafa katangar bishiyoyi ta Afirka.

A taƙaice, ƙasar Daura tana ciyar da mutanenta, amma noman wata huɗu ba ya isa ya gina babban birni. Tun fil azal garin yana buƙatar wani abin da zai haɗa da gona.

Rijiya, ayari da sarauta

Kowa ya san labarin. Baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da yake ciki. Ya je ya kashe macijin, ya auri Magajiya Daurama, aka haifi Bawo. Daga zuriyar wannan baƙo aka ce an samu sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi gargaɗin kada a ɗauki wannan labari a matsayin asalin Hausawa. Ai ko a cikin labarin ma, baƙon ya tarar da gari da jama'a da sarauniya a kan gado, kuma kafin ita an yi jerin Magajiyoyi da suka yi mulki tun daga Tsohon Birni. Abin da ɗalibin tattalin arziki zai tsinta a ciki shi ne, babbar kadarar garin ta farko ruwa ce, kuma baƙon da ya samu gindin zama shi ne wanda ya warware wa gari matsalar da ta dame shi.

Kadara ta biyu hanya ce. Ayarin da yake tasowa daga Kano zuwa Damagaram, ya zarce Agadas har ƙasashen Larabawa, yana ratsa wannan yanki. Daga arewa ana kawo gishiri da kanwa da dabino, daga kudu ana kai tufafi da fatu da hatsi, har da bayi, wanda shi ma wani ɓangare ne na tarihin da ba za a share ba. Fatake kuwa suna buƙatar masauki, da ruwa, da abincin raƙuma da jakuna, da fatoma, da dillali. Kun ga ke nan cin abinci daga baƙin da suka sauka na ɗan lokaci tsohuwar sana'a ce a Daura.

Kadara ta uku sarauta ce. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, gidan sarautar Haɓe ya fita. Daga baya zuriyarsu suka kafa mulki a Zango da Baure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Haka aka zauna da Daura uku har zuwan Turawa. A farkon ƙarni na 20 Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka ɗora shi a gadon Daura, wanda ya sa ta zama cikin masarautu ƙalilan da tsohon gidan sarauta ya koma kan mulki bayan jihadi. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 ke nan. Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi har zuwa 2007, sannan Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Hawan Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal yana cikin abin da wannan tsohuwar sarauta ta adana, kuma har yau yana jawo baƙi daga Najeriya da Nijar.

Yadda hanya ta kauce

To me ya sa garin da ake kira tushen Hausa bai girma kamar Kano ko Zariya ba? Abubuwa uku ne suka taru.

Na farko, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba ƙasar da take ɗaya. Garin da yake tsakiyar hanya ya wayi gari a ƙarshen ƙasa.

Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan kaya suka juya suka fuskanci teku, ayarin Sahara ya mutu a hankali. Da aka shiga zamanin gyaɗa, manomin Daura ya noma, amma dalar gyaɗa a Kano aka tara ta, kamfanoni da ma'aikatu ma a can suka zauna. An ja layin dogo zuwa Ƙaura Namoda a 1929, an kai wani Nguru a 1930, Daura ba ta samu ko ɗaya ba.

Na uku, da aka ƙirƙiri Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, hedikwata da ma'aikatu da manyan albashi sun tafi birnin Katsina, kamar yadda aka saba a kowace jiha. Daura ta riƙe girmanta na tarihi, amma matasanta da dama suka ci gaba da fita neman aiki da ci-rani.

Abin da garin yake ci da shi yau

Idan aka ware makarantu, tattalin arzikin masarautar yana tsaye ne a kan ƙafa huɗu. Akwai noman damina da ɗan noman rani a bakin madatsu da fadamu. Akwai kiwo da cinikin dabbobi; kasuwar Mai'aduwa da take ci ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki, ana shigo da shanu da raguna da raƙuma daga Nijar, a loda tireloli zuwa Kudu. Akwai hada-hadar iyaka: direbobi, 'yan dako, 'yan canjin naira da sefa, masu kai hatsi da kayan masarufi. Sai kuma albashin gwamnati da kuɗin da 'yan gari mazauna wasu birane suke aikowa gida.

Kowace ƙafa tana da inda take ciwo. Damina takan yi gardama. Albashi ba a nan ake yanke shi ba. Iyaka kuwa mun ga abin da ya faru da idonmu: an rufe ta a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024. Shawara ɗaya da aka yanke a Abuja ko Yamai ta isa ta tsayar da abincin dubban gidaje daga Kwangwalam zuwa Babban Mutum. Gari mai irin wannan hali yana buƙatar ƙafa ta biyar.

Zuwan makarantu

Daura ta daɗe da makarantun jiha, kamar Kwalejin Dr. Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya. Amma babban sauyi ya zo ne a mulkin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin, wanda ya shugabanci ƙasa daga 2015 zuwa 2023. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. A shekarar ce aka buɗe asibitin Sojojin Sama. A Disamban 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, kuma yanzu tana da ɗalibai. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil yake yi, kuma zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, dogon da ya kauce wa garin yana hanyar zuwa.

Ba sai an ɓoye ba, kowa ya san zaman ɗan gari a kan kujera ya taimaka wajen zuwan waɗannan abubuwa. Allah ya yi masa rasuwa a Yulin 2025, aka binne shi a Daura, Allah ya jiƙansa. Yanzu dai makarantun nan za su nemi kasonsu a kasafin kuɗi kamar kowace makaranta a ƙasar nan. Abin da zai kare su shi ne amfanin da ake gani a ƙasa. A nan ne misalin Amurka yake da abin koyo.

Wani ƙaramin gari a Kansas

Idan aka ce Manhattan, hankali yakan tafi dogayen benayen New York. Akwai wata Manhattan ƙarama a Jihar Kansas, a tsakiyar Amurka, inda kogin Kansas da kogin Big Blue suka haɗu, kewaye da tuddan ciyawa da ake kiwon shanu. An kafa garin a 1855. A ƙidayar 2020 mutanensa kimanin dubu 54 ne, ɗaliban jami'ar da take cikinsa kuwa sun kai wajen dubu 20. Kusa da shi akwai babban barikin soja na Fort Riley. Gari ne na noma da kiwo da soja da makaranta, nesa da teku, nesa da manyan birane. Kamannin da Daura ba kaɗan ba ne.

Jami'ar Jihar Kansas ta fara ne a 1863, shekara guda bayan Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill ta 1862. Dokar ta ba kowace jiha filayen gwamnati ta sayar, ta kafa kwalejin da za ta koyar da aikin gona da aikin injiniya ga 'ya'yan talakawa. A 1914 aka ƙara wata doka da ta ɗora wa waɗannan kwalejoji aikin tura malaman gona zuwa ƙauyuka. Ma'ana, abin da aka gano a ɗakin bincike dole ya isa gonar manomi, matsalar manomi kuma ta dawo ɗakin bincike. Da haka jami'ar ta yi suna a kan alkama da dawa da lafiyar dabbobi, abubuwan da jihar take rayuwa da su. Sunan nan ne ya taimaka har gwamnatin Amurka ta gina babban ɗakin bincikenta na cututtukan dabbobi a garin, aka buɗe shi a 2023. Makaranta ta yi wa ƙasarta aiki, aikin ya jawo wasu ayyukan.

Kada ku ga kamar labarin ya yi mana nisa. A shekarun 1960 malamai daga wannan jami'a ta Kansas sun zo Zariya sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Buhun PICS mai ruɓi uku da manomanmu suke adana wake a ciki ba tare da maganin ƙwari ba, sunan Jami'ar Purdue yake ɗauke da shi, ita ma irin waɗannan makarantu ce, a wani ƙaramin gari na Jihar Indiana.

A gida ma muna da misali. Samaru ta fara ne da tashar binciken aikin gona a 1922, kafin a buɗe jami'ar a 1962. Yau irin wake da gyaɗa da dawa da masara da ake kira SAMPEA, SAMNUT, SAMSORG da SAMMAZ duk sunan Samaru suke ɗauke da shi, kuma suna cikin gonakin da ba su taɓa ganin ƙofar jami'a ba.

Lissafin kuɗin ɗalibi

Mu dawo Daura mu yi ɗan lissafi na misali. Mu ƙaddara akwai ɗalibi 3,000 a gari, kowanne yana kashe naira 1,500 a rana wajen abinci, abin hawa, fotokwafi, cajin waya da sabulu. Naira miliyan huɗu da rabi ke nan a rana. Idan makaranta ta yi kwana 200 a buɗe cikin shekara, an samu naira miliyan 900, ba a sa kuɗin haya da albashin ma'aikata ba. Akasarin wannan kuɗi daga wasu garuruwa iyaye suke turo shi, don haka sabon kuɗi ne yake shigowa, kamar dai garin ya sayar da kaya a waje.

Sai dai shigowar kuɗi daban, zamansa daban. Ɗauki naira dubu da ka sayi fura da nono. Mai fura za ta biya mai gero, ta biya mai niƙa, mai nono ta sayi dusa ko ta biya ɗan acaɓa, mai gero ya biya tela. Dubu ɗaya ta yi aikin dubu uku ko huɗu kafin ta bar gari. Ɗauki wata dubun da ka sayi data ko taliyar leda. Mai shago zai cire 'yar ribarsa, ragowar ta kama hanyar Kano ko Legas a ranar. Masana tattalin arziki suna auna ƙarfin gari ne da yawan hannuwan da kuɗi yake ratsawa kafin ya fita. Idan biredin da muke ci, da ƙwan da mai shayi yake soyawa, da kujerun ajinmu, da mai gyaran kwamfutocinmu duk daga waje suke zuwa, Daura za ta zama bututu ne kawai da kuɗi yake bi ya wuce.

Inda haɗarin yake

Garin makaranta yana da nasa ciwon. Na farko shi ne hutu. Duk wanda ya taɓa zama a gari bayan an tashi ya ga yadda masu abinci da 'yan adaidaita sahu da masu POS suke zaman jiran dawowarmu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, ya nuna wa Samaru da makamantanta abin da dogaro ga ɗalibai yake nufi. A Amurka ma an ga haka lokacin korona a 2020. Akwai wanda ya fi wannan muni: a garin Poultney na Jihar Vermont, mai mutum wajen dubu uku, kwalejin Green Mountain da aka kafa tun 1834 ta rufe a 2019 saboda ƙarancin ɗalibai da kuɗi, ta bar garin da gine-gine babu kowa. Tsufan makaranta bai hana ta mutuwa ba.

Na biyu shi ne haya da filaye. Idan ɗalibai huɗu za su haɗa kuɗi su kama ɗaki, mai gida zai fi son su a kan magidanci mai ƙaramin albashi. Gonakin bakin gari suna komawa fulotai. Wanda yake da fili ya ci riba, wanda ba shi da shi ya ji a jikinsa.

Na uku shi ne ruwa. Kowane sabon gidan haya da burtsatsensa, duk kuma daga ƙasa ɗaya ake zuƙa, a yankin da ruwan sama wata huɗu ne. Garin da tarihinsa ya fara da rijiya bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Na huɗu shi ne zaman tare. Mun fito daga jihohi da al'adu daban-daban, mun sauka a gari mai sarauta da kunya da girmama manya. Kiɗa da tsakar dare, ko shigar da ba ta dace da unguwa ba, ko raina dattijon da yake zaune a ƙofar gidansa, abu ne da yake shafa wa duk ɗalibai baƙin jini. Su ma masu gidaje da 'yan kasuwa akwai haƙƙinmu a kansu, kada a mayar da ɗalibi saniyar tatsa. Ƙungiyar ɗalibai tana da rawar takawa a nan, ta hanyar zama da masu unguwanni tun kafin rigima ta taso.

Namu kason aikin

Wani zai ce, to ni ɗalibin difloma me zan iya? Kafa masana'anta da kammala layin dogo ai aikin gwamnati ne da masu kuɗi. Haka ne. Amma akwai abu ɗaya da yake hannunmu, shi ne furojet da SIWES. Duk shekara ɗaruruwan ɗalibai a faɗin ƙasar nan suna rubuta furojet, da yawa a kan maudu'in da aka kwafo daga intanet, a ɗaure shi da bango mai kyau, a ajiye ya sha ƙura. Da za mu riƙa ɗauko tambayoyinmu daga garin da muke zaune, da cikin shekara biyar an tara ilimin da babu wanda yake da shi a kan wannan yanki.

Ga misalai. Mai karatun lantarki ya zagaya unguwa ɗaya, ko Kusugu ko Sarkin Yara, ya ƙirga burtsatsai masu sola, nawa suke aiki, nawa suka tsaya, kuma mene ne ya fi lalacewa a jikinsu. Mai karatun ƙididdiga ya yi wata shida yana rubuta farashin gero da wake da rago a Mai'aduwa duk Lahadi, ya gwada shi da canjin sefa. Mai karatun kwamfuta ya haɗa 'yar manhajar da za ta nuna ɗakunan haya da kuɗinsu, sabon ɗalibi ya huta da 'yan kamasho. Mai kimiyyar ɗakin gwaji ya auna ruwan rijiyoyi da na 'yan garuwa. Mai karatun kasuwanci ya bi buhun riɗi daga gona har inda ake loda shi, ya gano a wane mataki riba take tsayawa, da abin da zai ci a tace man a nan gida. Mai karatun gine-gine ya duba yadda tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni suke riƙe sanyi a bazara, ya gwada da ɗakin bulo da kwano da muke kwana a ciki.

Batun dogo ma haka ne. Jirgi yana iya tsayawa minti goma ya wuce, yana kuma iya zama dalilin kafa rumbunan ajiya, da wurin lodin dabbobi, da garejin gyara. Wanda ya shirya ma'aikata da bayanai kafin jirgin ya iso shi zai ci moriyarsa, kuma samun jami'ar sufuri da kwalejin fasaha a gari ɗaya dama ce da Kazaure ko Jibiya ba su da irinta.

Ribar ba ta gari kaɗai ba ce. Ranar da ka zauna gaban masu ɗaukar aiki, ko ka je neman HND, ɗalibin da zai iya cewa ga matsalar da na auna da hannuna, ga abin da na gano, ya fi wanda ya haddace babi biyar na aikin wani. Kuma sunan makaranta yana tashi ne da irin aikin da aka san ta da shi, kamar yadda Samaru ta yi suna da iri.

Amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce, Daura za ta iya zama garin makarantu, domin tana da tarihi da yake jawo mutane, tana kan hanyar ƙasa da ƙasa, ga kuma makarantun sun samu. Sharaɗin shi ne karatun da ake yi a cikinsu ya taɓa ruwa da gona da kasuwa da iyakar wannan yanki, kuɗin da yake shigowa kuma ya samu hannuwan da zai zagaya a cikin gari.

Ga ƙannenmu na ND I, shawarata ita ce kafin a raba maudu'in furojet ku je Kusugu, ku je Mai'aduwa ranar Lahadi da littafi da biro, ku zauna da mai gyaran burtsatse ko dillalin hatsi ku yi tambaya. Ku kai wa malaminku maudu'in da kuka samo da kanku. Ga ƙungiyarmu kuma, ina roƙon a ware shafi a wannan mujalla da za a riƙa buga taƙaitaccen sakamakon furojet ɗin da ya shafi Daura, da Hausa, yadda mutanen gari za su iya karantawa.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya saka wa mutanen Daura da alheri bisa riƙon da suka yi mana, ya sa mu rabu lafiya.